A janye yara daga bakin wayar jan mota

A daminar bara, a kan hanyar Tibiri, na iske wata kamiyo ta kafe cikin yashin ƙorama, maƙare da buhunan hatsi. An ɗaura mata wayar ƙarfe, wata babbar mota tana ja. Ƴan lakwal sun yi cincirindo dab da wayar, wasu har sun tsuguna suna leƙen taya. Da na kore su sai karen motar ya yi mini dariya, wai ai sabuwar waya ce, mushe.

To, ko wayar da injiniyoyi ke dubawa kullum tana tsinkewa. A kan manyan jiragen ruwan yaƙi na Amurka, filin saukar jiragen sama gajere ne, don haka ake gitta wayoyi masu kauri a kansa. Jirgi yakan sauko da gudun wajen kilomita 240 a awa, ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta cafki waya, ya tsaya cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ranar 18 ga Maris 2016, a kan jirgin Dwight D. Eisenhower, wayar ta tsinke lokacin da wani jirgi samfurin E-2C Hawkeye ke sauka. Jirgin ya zarce, da ƙyar matuƙansa suka sake ɗaga shi bai faɗa teku ba. Guntun wayar kuwa ya share filin kamar bulala, ya ji wa sojoji 8 rauni. Bincike ya gano an yi kuskure wajen gyaran injin da ke sassauta wa wayar. Waɗannan fa horarrun mutane ne, da hulunan kwano a kansu.

Dalilin ba ya da wuyar ganewa. Duk abin da aka ja ya ɗame, ƙarfin jan yana taruwa a cikinsa, kamar danƙon harbin tsuntsu. In ya tsinke, ƙarfin nan yakan fita lokaci guda, wutsiyar ta dawo da saurin da ba wanda zai iya kauce masa, kuma ba lalle ta bi miƙaƙƙen layi ba, tana iya lanƙwasowa gefe.

Malamai, wannan darasi ne na minti biyar: a ja roba a gaban aji, a sake ta, a tambayi yara ina ya kamata mutum ya tsaya. Amsar ita ce nesa, fiye da tsawon wayar.

Iyaye kuma, abin ya fi kusa da mu fiye da hanyar mota. A ƙauyukan tudu, inda rijiyoyi suka fi na cikin Dallol Mawri zurfi, shanu da raƙuma ke jan guga, kuma yaranmu ne ke kora su a gefen igiya. Sojojin ruwan can suna ƙirga saukar da kowace waya ta ɗauka, su cire ta tun ba ta nuna gajiya ba. Mu kuwa igiya ta zaizaye sai mu ƙulle ta mu ci gaba. Ina ganin wanda ya tura ɗansa rijiya da safe, shi ya kamata ya fara bin igiyar da hannunsa daga guga har wuyan sa.