Mai kafe launi ya raina mai waya

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare tsakanin masu koyon gina manhajojin waya, har wasu malamai na ɗaure mata gindi: a rubuta launi da girman rubutu a jikin kowane maɓalli da kowane akwati, a kafe su, sannan a ce salo mai sauyawa kwalliya ce da za a ƙara idan lokaci ya samu. Wannan magana ba ta da tushe balle makama.

Tun shekarar 2019 Android 10 da iOS 13 suka ba mai waya damar mayar da fuskar wayarsa baƙa. To, wanda ya kafe rubutunsa da baƙin launi, ya bar bango yana bin zaɓin waya, me ya tanadar wa wannan mutum? Baƙi a kan baƙi. Alhali React Native tana da useColorScheme, Flutter tana da Theme.of, kuma ƴan layuka kaɗan sun isa manhaja ta tambayi waya halin da take ciki.

Batun girman rubutu ya fi wannan muni. Dattijon da ganinsa ya raunana yakan ƙara girman haruffa a saitin wayarsa. Android ta ware ma'aunin sp domin rubutu ya bi wannan zaɓi. Dp kuwa ba ya bi. Mai amfani da dp wajen rubutu ya soke hukuncin da dattijon ya yanke game da idonsa, ba tare da ya shawarce shi ba. Wani kuma yakan yi amfani da sp ɗin, amma ya kafe tsawon maɓalli, sai kalma ta girma a datse mata kai. Idan maɓallin na aika kuɗi ne, abin ya wuce batun ado.

Mu da harshenmu ke da rubutu biyu mun fi kowa rashin uzuri. Ajami daga dama yake farawa. Wanda ya sa marginLeft a inda ya kamata ya sa marginStart ya gina ɗakin da boko kaɗai zai shiga, kuma ranar da aka nemi ajami ko Larabci sai an bi fuska bayan fuska ana warwara.

Hujjarsu ɗaya ce mai ɗan nauyi: wai lissafa salo a kowane sabunta fuska yana gajiyar da ƙananan wayoyi, irin waɗanda suka cika hannun jama'a a Maraɗi da Damagaram. Gaskiya ne idan an yi aikin da ganganci. Amma wa ya ce a riƙa ƙirƙirar salo sabo kowane lokaci? A tsara jerin launukan haske da na duhu sau ɗaya a wuri ɗaya, kowane sashe ya ɗebo daga can, kada a sake lissafi sai saitin ya canja.

Ɗalibin da ya kawo aikin ƙarshen zango, a juya wayar zuwa duhu, a kai haruffa ƙurewar girmansu, kafin a ba shi maki ko ɗaya.