Wane Alhajin Ake Nufi?

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga Nima yana cigiyar "gidan Alhaji" ya san wahala. Sai ya ce Alhaji mai goro, ko na bakin gota ta wajen Maamobi, sannan yaro zai nuna masa ƙofa.

To, matsalar nan ta bi yaranmu har cikin kwamfuta. Tun da shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya shigo Nima, 'yan matanmu ke koyon rubuta wa kwamfuta umarni. A can, kowane ɗan aiki, kamar tara maki, sai an raɗa masa suna, da shi ake kiransa.

Akwai manhajojin da ke duba rubutun tun ba a kunna shi ba, kamar yadda muke duba littafin ɗalibi. Kakarsu Lint ce, wadda Stephen Johnson ya rubuta a Amurka a 1978. In suka ci karo da suna, sai sun gano mai shi. A harshen Python daga ɗaki ake fara nema, sai tsakar gida, sai unguwa, sannan sunayen da harshen ya zo da su. Yarinya ta ari ɗaya daga cikin waɗannan, nata zai danne na asali, shiru kake ji. Manhajar ce za ta tona.

Amma mu malamai mai karatu muke ji. Aikin da aka kira "a1" kwamfuta za ta gane shi sarai. Bayan wata shida, ko ita mai rubutun sai ta yi cigiya.