Yaron Gombe bai san ƙanƙara ba, kwazazzabo ya sani

 Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato littattafan nan masu hotuna da wasu makarantun kuɗi ke tilasta wa iyaye saye, wai don koya wa ƙananan yara kula da muhalli. Ba mu ƙi manufar ba. Abin da ke ciki ne muke ja da shi.

Ku buɗe ɗaya ku gani. Dutsen ƙanƙara yana narkewa, kifi ya maƙale a teku, yaro Bature yana jefa kwalba a kwandon shara mai launi uku, kuma duk da Turanci. To, don Allah, ɗan shekara shida a Bolari ko Jekadafari ina ya taɓa ganin teku? Abin da ya sani shi ne kwazazzabon da ke cin bayan gidajen mutane duk damina, da ledar fiya wata da ta toshe lambatu, da buhunan gawayi a bakin titi. Littafin da bai nuna masa waɗannan ba yana koya masa cewa muhalli matsalar wasu ce can nesa.

Zaizayar ƙasa ba tatsuniya ba ce a garin nan. Ƙasarmu rairayi ce, garin kuma a kwari yake. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 ake sare itatuwa ana gini, ruwa ya rasa inda zai nutse, sai ya haƙa wa kansa hanya. Idan an cika magudana da shara, ya bi ta cikin gidaje. Shi ya sa gwamnati ta fito da shirin 3G a 2019 na dasa itatuwa miliyan ɗaya duk shekara. Amma wa zai hana akuya cin dashen, in ba yaron da aka koya wa darajarsa ba?

Wasu kuma cikinmu na cewa duk wannan harkar 'yan boko ce. A'a, Malam. A Islamiyya muka fara jin cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, haka ma dasa itace. Hoto kawai aka ƙara.

Masu cewa ba a iya yin irinsa da Hausa, su leƙa Bauci da Sakkwato, inda 'yan firamare suka koyi karatu da littattafan Mu Karanta. Muna da malamai a Jami'ar Jihar Gombe da FCE, muna da masu zane da masu ɗab'i. Shafi goma sha biyu ya isa: yarinya tana ba darbejiya ruwa, yaro yana hana ƙaninsa wasa a bakin kwazazzabo in hadari ya haɗo.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa 'yan'uwanmu da kwamitocin masallatai da Islamiyyu, a haɗa kuɗi a buga. Iyaye kuma, a taron makaranta ku tambaya: me ya sa ake sa mu sayen na waje?

Sai dai a sani, yaro ba zai yarda da littafi ba matuƙar yana ganin babansa na juye shara a kwata da zarar ruwa ya sauko. Allah Ya tsare mana gidajenmu da 'ya'yanmu a daminar bana, amin.