Kwantirolar Injinka Ta Tsufa? Ɗauko Wayarka Tun Tana Aiki

Yau ba maganar saitin waya ko data za mu yi ba, amma kada ka wuce, don wayar da ke hannunka ce za ta yi rabin aikin. Magana ce a kan ɗan akwatin nan da ke cikin fanel ɗin inji, wanda ba mai kallonsa sai ranar da ya tsaya.

In kai mutumin Wurno ne, ko Rabah, ko Goronyo, ka san yadda abubuwa suka canza. Da, injin ban ruwa na fetur da injin niƙa su ne iyakar injinan da muka sani, kuma duk bakaniken gari yana iya kwance su ya ɗaura. Yanzu ga burtsatse mai sola a unguwanni da asibitoci, ga manyan famfunan noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa, ga injinan gyaran shinkafa masu cire tsakuwa da tsince baƙar ƙwaya. Kusan kowannensu yana da ƙwaƙwalwa. A masana'anta ana kiranta PLC, a famfo kuwa za ka ji ana cewa kwantirola ko inbata. Ita ke cewa wannan mota ta tashi, waccan ta jira, tanki ya cika a kashe. Ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 1969 aka ƙera ta farko, Modicon 084, don masana'antar motoci ta General Motors a Amurka. Mu ne dai ta iso mana a makare, kuma galibi tsofaffin ne ke isowa.

Wani abokina yana da injin gyaran shinkafa da ya saya na hannu. Shekara da shekaru yana aiki lafiya. Ana tsakiyar kaka, buhuna jibge a ƙofa, wata safiya aka kunna, fitila ja ta kama, shi ke nan. Ya yi ta kiran waya har aka samo masa akwati irin nasa sak daga Kano, ya biya kuɗi masu ciwo, aka ɗaura. Inji ya ƙi motsi. Dalili? Sabon akwatin fanko ne. Umarnin da ke gaya wa injin abin da zai yi, wato firogiram, yana cikin wanda ya mutu, wanda ya rubuta shi kuma ba wanda ya san inda yake. Mako uku aka yi kafin wani injiniya ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ya sake rubutawa. Kafin nan masu shinkafa sun kwashe kayansu sun kai wani wuri, wasu har yau ba su dawo ba.

To ra'ayina ke nan, kuma a kansa nake tsaye: safayar kwantirola ba akwatin ba ce kawai. Akwati da firogiram da saiti, su ukun ne safaya. Wanda ya ajiye akwati ba shi da kwafin firogiram, ƙarfe ya ajiye. Kuma ranar da ake tanadin su ita ce ranar da inji ke aiki lafiya lau, ba ranar da ya tsaya ba.

Kada ka ce ai kamfani na nan, in ta lalace a sayo wata. Kamfanoni suna daina ƙera su. Siemens S5 da ta fito a 1979 an daɗe da daina yin ta. Mitsubishi ya tsayar da ƙera FX2N a 2012. Allen-Bradley PLC-5 ta bi sahu a 2017. Ita ma S7-300, wadda ta cika masana'antu tun tsakiyar shekarun 1990, Siemens ya fara janye ta daga kasuwa a watan Oktoba na 2023, ya ce kayan gyaranta za su ci gaba da samuwa na kimanin shekara 10 daga nan. Wanda ya nemi kwantirola a 2021 da 2022, lokacin ƙarancin ƙananan kayan lantarki a duniya, ya san har sababbin ma sai an yi watanni ana jira. In Bature da ke kusa da kamfanin ya jira, kai da ke Rabah fa?

Dubi madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima. An kammala ta a 1984, tana iya riƙe ruwa sama da mita miliyan 900 mai murabba'i uku, kuma har Sakkwato ana shan ruwan da take saki. Ƙasa da kankare da ƙarfe suna iya wuce shekara 40 suna aiki, ga shi muna gani. Kayan lantarki ba su da wannan tsawon rai. Shi ya sa duk lokacin da aka zo da sabon aiki, kamar gyaran da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya kawo wa filayen noman rani na tsakiyar Rima, ko ɗan burtsatsen da ɗan majalisa ya haƙa muku, tambayar da ya kamata ƙungiyar manoma ko kwamitin unguwa su yi ita ce: nan da shekara 15, wa ke riƙe da firogiram da takardun wannan abu? Ana ta ɗaukar hoton yanke kyalle, ba mai ɗaukar hoton cikin fanel.

Kai ka ɗauka. A kashe wuta tukuna, a jira kamar minti 15, domin inbata tana riƙe wuta a cikinta bayan an kashe, kuma tana iya kisa. In ba ka saba ba, mai gyaran wuta ya buɗe maka, kai naka ɗaukar hoto ne, ba taɓawa ba. Ka ɗauki fanel ɗin gaba ɗaya, sannan ka matso ka ɗauki kowane akwati, da 'yar takardar da ke gefensa mai ɗauke da lamba. Lambar nan ita ce komai. Kada ka je kasuwa ka ce a ba ka Siemens ko Mitsubishi, kamar ka ce a ba ka Toyota ne ba ka faɗi wace iri ba. A Mitsubishi, FX2N-32MR da FX2N-32MT kamarsu ɗaya a ido, amma harafin ƙarshe ya raba su: R tana kunna kaya da rile, T da taransista, in ka musanya kana iya ƙona ta ranar farko. A Siemens lambar tana farawa da 6ES5 ko 6ES7, a rubuta ta har ƙarshe, kada a bar ko sifili ɗaya. Ka ɗauki wayoyin da ke shiga da masu fita yadda lambobinsu za su karantu. Bayan an rufe an mayar da wuta, a bi saitin inbata shafi-shafi a kan ɗan allonta kana ɗauka. Wasu kwantirolin famfon sola, kamar Lorentz PS2, da waya ma ake saita su ta Bluetooth da manhajar PumpScanner, don haka ɗaukar hoton allon wayar ya wadatar.

Sai babban: kwafin firogiram. Wannan sai injiniya da kwamfuta da kebul ɗin da ya dace. Ka biya shi ya zo ya ciro, ya ba ka fayil ɗin. Ka ajiye a filashi, ka tura wa kanka a imel, ka sa a Google Drive, ka ba wani amintacce. Kada ka bar shi a WhatsApp kaɗai, waya tana faɗawa ruwa. Af, in ka ga ɗan kati a jikin S7-300 mai kama da memori, kada ka kuskura ka sa shi a waya ko kwamfuta ka goge, ba irin na waƙoƙi ba ne, ka goge ka kashe shi.

A nan ne ake samun rigima. Wasu masu haɗa inji suna kulle firogiram da kalmar sirri, su ƙi bayarwa, don dole a riƙa kiransu. Na san uzurinsu, kuma ba ƙarya suke ba: mutanenmu suna da cin haƙƙin ma'aikaci, a gama aiki a riƙe masa ciko, makullin nan shi ne kaɗai abin da ya rage a hannunsa. Amma mutum yana tafiya, yana canza lamba, yana rasuwa. Bai kamata ruwan shan unguwa guda ya dogara da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba. Maganin a rubuta tun farko ne: ranar da aka biya cikon kuɗi, ranar za a miƙa firogiram da kalmar sirri da zanen wayoyi. Ka biya shi haƙƙinsa cif, shi ma ya ba ka naka.

Ina ake samun akwatin? In har yanzu ana ƙera shi, dilan kamfani ya fi, ko da ya ɗara tsada. In an daina, sai na hannu: Sabon Gari a Kano, Alaba a Legas, ko Jiji da eBay da AliExpress. Akwai kuma wata hanya da ba a cika tunawa ba. Masana'antu da yawa sun rufe a Sharaɗa da Bompai da Challawa, da masaƙun Kaduna, fanel-fanel ɗinsu kan ƙare a hannun 'yan gwangwan, ana sayar da su a kan kilo. Mai ido yana tsintar abin kirki a can. Ko ina ka samo, ka ce a turo maka bidiyonta a kunne da hoton lamba, kuma ku yi sharaɗin mayarwa. Jabu sun yi yawa, musamman allunan da ake rubuta wa sunan Mitsubishi alhali ba nasa ba ne. Wasu suna aiki a ƙaramin inji, ban hana ka ba, amma ka san abin da ka saya. Idan ta iso, a ɗora mata firogiram a gwada ta a jikin injin a ranar da ba aiki, sannan a cire a ajiye. Safayar da ba a gwada ba, zato ce.

Ajiyar ma aiki ce. Zafin watan Afrilu a gabashin Sakkwato yana haura digiri 40, cikin fanel ɗin ƙarfe a ɗakin kwano kuwa ya fi haka nesa. Yawancin inbatoci a kan digiri 40 aka auna cikakken ƙarfinsu, kuma ƙa'idar da masu lantarki ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar kafasito biyu. Ga ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa suna toshe fanka, ga ɓera da ƙadangare, ga tsawar damina, ga janareta mai hawa da sauka. A hure fanel da busasshiyar iska, a gyara fanka, a sa masa wayar ƙasa ta gaske da abin kare tsawa. Safayar kuma a naɗe ta a ledarta, a sa a wuri mai sanyi marar laima. Inbata da ta shekara ɗaya ko biyu a ajiye ba a jona mata cikakkiyar wuta kai tsaye, sai ma'aikaci ya farfaɗo da kafasitocinta a hankali.

Na san abin da za ka ce: Malam, mu da muke neman kuɗin taki, ina muka ga na ajiye akwatin da ba ya aiki? Gaskiya ne, kuma ba kowa nake ce wa ya saya ba. Hoto da kwafin firogiram kusan kyauta ne, wannan ba uzuri. Akwatin kuwa a yi haɗaka. In burtsatse biyar a Wurno iri ɗaya ne, safaya ɗaya ta ishe su. Abin da ke kashe mu shi ne kowane ɗan kwangila da irin da yake kawowa, sai ka ga gari ɗaya kwantirola iri bakwai, ba wadda ke shiga gurbin wata. Kuma akwai lokacin da riƙe tsohuwa ya zama asara. In kuɗin ta hannu ya kusa na sabuwa, ko an rasa mai kebul da manhajar da ke magana da ita, a sauya zuwa sabon samfuri. Amma a tsara sauyin bayan an gama aikin kaka, ba a tsakiyarsa ba.

Abu ɗaya ka duba yau-yau. Tsofaffin PLC da yawa, irin su S5 da FX2N, ɗan batiri ne ke riƙe musu firogiram idan wuta ta ɗauke. In ka ga fitilar da aka rubuta BAT ko BATT ta kama, kada ka kashe injin ka tafi gida ka ce sai an jima. Ka kira ma'aikaci ya fara ciro kwafin firogiram, sannan ya canza batirin bisa yadda littafin na'urar ya tsara, domin a wasu samfuran sai wuta na jikinta ake cire tsohon.