Gwajin haja a intanet: Yaushe za a yarda da alƙaluma?

Tun bayan buɗe cibiyar fasaha ta CoLab a unguwar Barnawa a shekarar 2016, matasa da dama a kudancin birnin Kaduna suka rungumi ƙirƙirar manhajoji da sayar da kaya ta intanet.

Wata dabara da irin waɗannan masu sana'a ke amfani da ita ita ce raba masu saye gida biyu, a nuna wa kowane rukuni talla ko farashi daban, sannan manhajar ƙididdiga ta bayyana wanda ya fi kawo ciniki.

Tambayar da aka fi yi dai ita ce: idan manhajar ta ce sabon tsari ya yi nasara, shin magana ta ƙare?

Ba lallai ba ne. A ma'aunin da aka saba amfani da shi, na tabbacin kashi 95 cikin 100, kimanin gwaji 1 cikin 20 zai nuna bambanci ko da babu shi. Wanda kuwa ke leƙa sakamako kullum, ya dakatar da gwajin da zarar ya ga abin da yake so, ya ƙara wa kansa haɗarin ruɗuwa.

Ronny Kohavi, wanda ya jagoranci irin wannan aiki a kamfanin Microsoft na Amurka, ya bayyana cewa kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai na dabarun da suka gwada suka kawo ci gaban da ake nema.

A Kaduna akwai wani ƙarin lamari. Tun bayan rikicin shekarar 2000, Kiristoci suka fi yawa a kudancin kogin, Musulmi kuma a arewacinsa. Hakan na nufin tallar da ta karɓu a Sabon Tasha gab da Kirsimeti ba dole ba ne ta karɓu a Tudun Wada cikin watan azumi, kuma jimillar alƙaluma na iya ɓoye wannan bambanci baki ɗaya.

Haka kuma kwatanta cinikin wannan wata da na watan jiya ba gwaji ba ne. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, biyan kuɗi ta waya ya ƙaru matuƙa, kuma duk wanda ya sauya fasalin manhajarsa a makonnin zai iya zaton sauyin ne ya jawo masa kasuwa.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa mai 'yan ɗaruruwan masu saye, babbar matsalar ita ce ƙarancin jama'a: sai bambancin ya yi girma sosai, ko gwajin ya ɗauki makonni, kafin sakamakon ya isa a zuba jari a kansa.