Kinshasa da Paris: da wace tiya aka auna?

An daɗe ana jin masu bugun ƙirji suna cewa Kinshasa, babban birnin Jamhuriyar Demokraɗiyyar Kongo, ta shige Paris yawan jama'a, har ta zama birni mafi girma a ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Maganar tana da daɗin ji, musamman a kunnen waɗanda suka sha ɗacin mulkin mallaka. Amma ɗan kasuwar da ya san hatsi ba ya sallama ciniki sai ya ga tiyar da aka auna da ita. Kafin a rangaɗa guɗa, akwai tambaya biyu: ina iyakar birnin take, kuma wa ya ƙidaya mutanen da ke cikinsa?

Paris ɗin da magajin gari ke mulki ƙaramin wuri ne. Faɗinta murabba'in kilomita 105 ne kawai, kuma iyakarta ba ta sauya sosai ba tun 1860, lokacin da aka raba ta gunduma 20 a zamanin Napoleon na Uku. Mutanen da ke kwana a cikin wannan da'ira ba su wuce miliyan 2 da ɗoriya ba, sun ma ragu, domin a 1921 sun kai miliyan 2 da dubu 900. Sai dai gidaje ba su tsaya a bakin hanyar da ta kewaye birnin ba. Idan aka haɗa da unguwannin da suka manne da shi, jama'ar ta kusa miliyan 11. Idan kuwa aka ɗauki jihar Île-de-France ɗungurungum, mai faɗin murabba'in kilomita dubu 12, an haura miliyan 12. Ke nan Paris uku ce, kowa da wadda yake ɗauka gwargwadon gardamar da yake son ci.

Kinshasa kuwa birni ce kuma jiha ce a lokaci guda. Faɗinta murabba'in kilomita 9,965, wato ta ninka Paris ta magajin gari fiye da sau 90. An raba ta komin 24, amma komin ɗaya tak, Maluku, ta lashe fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙasar, kuma akasarinta daji ne da gonaki da ƙauyuka. Wanda ya raba yawan jama'a da faɗin ƙasa a kan takarda zai samu mutum dubu 20 a kowane murabba'in kilomita na Paris, ya samu ƙasa da dubu 2 a Kinshasa, ya ce mutanen Kinshasa suna cikin walawa. Mazaunin Masina ko Kimbanseke, wanda ke ɓata sa'o'i a cunkoson titin Lumumba kafin ya isa wurin aiki a Gombe, shi zai gaya masa ƙaryar wannan lissafi.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi. A Faransa, ma'aikatar ƙididdiga ta INSEE tana bin gidaje kowace shekara tun 2004, tana fitar da adadin mutanen kowace komin. Da wannan adadi ake lissafa tallafin da gwamnati ke ba komin, da shi ake sanin yawan kujerun majalisarta. A Kongo kuwa, ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka kammala ita ce ta 1984, zamanin Mobutu, lokacin ƙasar tana amsa sunan Zayar. Ta samu Kinshasa da mutum miliyan 2 da rabi da ƴan kai, alhali a 1960, shekarar samun ƴancin kai, lokacin ana kiranta Léopoldville, ba ta wuce wajen dubu 400 ba. Daga 1984 zuwa yau, duk adadin da ake ambata, ko miliyan 15 ko 17, ƙiyasi ne. Ba shakka birnin ya cika ya batse, kuma da wuya a yi musun cewa ya zarce Paris. Amma tazarar da ke tsakanin ƙiyasi biyun ta kai yawan mutanen Paris ta magajin gari baki ɗaya.

Wannan ba gardamar malaman lissafi ba ce. Gwamnatin da ba ta san yawan talakawanta ba, da me za ta tsara ajujuwan makaranta, da gadajen asibiti, da bututun ruwa, da magudanai? A watan Disamba na 2022 ruwan sama ya yi ambaliya a Kinshasa, ya zabtare tuddan da aka cika da gidaje ba tsari, ya hallaka fiye da mutum 100. Unguwar da ba ta cikin takarda ba ta cikin kasafin kuɗi. Siyasa ma ba ta tsira ba: a zaɓen 2018 da na 2023, an raba kujerun depite 500 tsakanin mazaɓu bisa yawan waɗanda suka yanki katin zaɓe, domin babu ƙidayar da za a dogara da ita. Inda babu ma'auni na gaskiya, mai riƙe da rajista shi ke riƙe da wuƙa da nama.

Akwai masu cewa ƙidaya tana cin kuɗi mai yawa, ga ƙasar da faɗi, ga yaƙi a gabashinta. Gaskiya ne. Amma ƙasar ta shirya manyan zaɓuka a 2006 da 2011 da 2018 da 2023, kowanne da rajistar miliyoyin mutane. Hukumar da ta iya kai akwatin zaɓe lungu-lungu za ta iya kai mai ƙidaya. Abin da ya rage shi ne niyya, domin ƙidaya takan tona asirin jihar da aka kumbura da wadda aka danne.

Nijar ta fi Kongo ƙoƙari a wannan fanni, tun da ta yi ƙidaya a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, ta ƙarshen nan ta samu Yamai da mutum miliyan 1 da ƴan kai. Duk da haka darasin ya shafe ta, domin garuruwa irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram suna faɗaɗa da saurin da alƙalamin ofis ba ya cim masa.

Hausawa sun ce yawa shi kan sa zare ya ja dutse, amma sun kuma san taron tsintsiya ba shara. Paris ta buɗe jirginta na ƙarƙashin ƙasa tun 1900, Kinshasa har yanzu da ƙananan motocin haya take jigilar miliyoyinta. Ranar da hukumomin Kinshasa suka iya faɗin adadin mutanensu unguwa-unguwa, suka kuma tsara musu ruwa da wuta da hanya bisa wannan adadi, ranar ce gasa da Paris za ta yi ma'ana.