Zoben da ake zargi da ɓata gitar

Cikin ƙananan akwatunan da mai gitar ta lantarki yake jerawa a gabansa yana takawa da ƙafa, babu wanda ya sha zagi kamar wanda Faransawa ke kira modulateur en anneau, wanda da Hausa za a iya ce masa zoben murɗa sauti. Fedar da ke ƙara amsa-kuwwa an yafe mata, wadda ke sa gitar gurnani an saba da ita. Amma da zarar an taka wannan, sai wasu masu ganin sun san kiɗa su toshe kunne, su ce wannan ba kiɗa ba ne, rediyo ce ta lalace. An yi gaggawar yanke wannan hukunci, kuma mudun da aka auna shi da shi na aro ne.

Gaskiya ne ba don makaɗa aka ƙera abin ba. Wani injiniya mai suna Frank Cowan, na kamfanin tarho na Bell a Amurka, shi ya nemi rajistarsa a 1934, domin a tura maganganun mutane da yawa a kan waya guda ba tare da sun cakuɗe ba. Kayan cikinsa kaɗan ne: diyod 4 da aka haɗa kai da gindi suka zagaya kamar zobe, sai ƙananan taransifoma 2. Ana shigar masa da sauti biyu, ɗaya na gitar, ɗaya kuma wani sauti tsayayye da na'ura ke fitarwa, shi kuwa sai ya haɗiye su duka, ya fito da jimillarsu da kuma ragowarsu.

A ɗauki tsirkiyar da ke girgiza sau 440 cikin sakan ɗaya, wato muryar "la" da ake daidaita kayan kiɗa da ita, a haɗa ta da sauti tsayayye mai girgiza sau 100. Abin da zai fito shi ne 540 da 340, ita 440 ɗin ta ɓace. To, tsirkiya ba murya ɗaya take yi ba; a bayan 440 akwai ƴaƴanta 880 da 1320, waɗanda ninkinta ne daidai, kuma wannan tsarin ne kunne ke ji ya ce sauti ya yi sumul. Su ma zoben bai bar su ba: sukan koma 780 da 980, da 1220 da 1420. Babu wanda yake ninkin ɗan'uwansa. Irin wannan jerin muryoyi da ba su ninka juna a jikin ƙarfe ake samunsa in an buga shi, shi ya sa gitar da ta bi ta zoben take amo kamar ƙararrawa.

Masu suka suna da magana ɗaya mai ƙarfi, kuma ba a ƙi ta ba: in aka kaɗa tsirkiya 6 gaba ɗaya aka zuba wa zoben, kowace murya za ta haifi biyu, abin ya dagule ya zama kunu. Sai dai wannan laifin mai takawa ne. Daudawa ma ba a cinta da cokali, amma ba a taɓa jin wanda ya kai ƙararta don wata ta cika ta a miya ba. In aka daidaita sauti tsayayyen a kan 220, ita dai wannan "la" za ta ba da 220 da 660 da 1100, dukansu ninkin 220 ne, kunne kuma ya karɓa babu gardama. In aka sassauta shi ƙasa da 20, ƙarar ƙarfen sai ta tafi, ya rage rawar murya kawai. Haka Karlheinz Stockhausen ya yi a Jamus cikin Mantra, a 1970: piyano 2 ya sa suka bi ta zoben, a kowane sashe yana ɗaure sauti tsayayyen a kan murya guda, ta yadda ita za ta fito fes, sauran kuwa suna ƙara kaushi gwargwadon nisansu da ita. Wanda ya kira wannan hayaniya, bai zauna ya saurara ba.

Baƙin jinin zoben yana da tushe. A 1963 Brian Hodgson na BBC ya yi amfani da shi, da sauti mai girgiza sau 30, ya yi muryar dodannin ƙarfen nan Dalek na shirin talabijin Doctor Who, tun daga nan Turawa da yawa suka ɗauke shi muryar dodo. Duk da haka makaɗa ba su guje shi ba. Ana jinsa a kiɗan gitar na Tony Iommi cikin waƙar Paranoid ta ƙungiyar Black Sabbath, ita ma a 1970. A daidai lokacin Tom Oberheim ya tsara wanda kamfanin Maestro ya riƙa saidawa, Electro-Harmonix ya fito da Frequency Analyzer, sannan Moog ya kawo MF-102 a 1998.

Abin mamaki shi ne a ji wannan suka a bakin wanda ya tashi a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa. Kugen da ake bugawa a fadar sarki, mene ne in ba ƙarfe mai muryoyin da ba su ninka juna ba? Su wa suka soka ceba, ƙarfen nan mai ƙananan zobba, a kan wuyan molo da garaya, domin kowace kaɗawa ta taho da sassarƙarta? Akayau da ƴan rawa ke ɗaurawa a ƙafa fa? Makaɗan ƙasar Hausa ba su rasa dabarar fitar da sauti sumul ba. Sun ji shi, suka ga salam yake, suka ƙara masa tsaki da gangan. Ƙa'idar da ta ce murya mai kyau ita ce wadda babu ƙura a cikinta, daga ɗakunan koyon kiɗa na Turai ta zo, su ma can sun daɗe da sassauta ta. Ba ana cewa zoben Cowan jikan ceba ba ne, babu dangantakar tarihi tsakaninsu. Amma kunnen da ya girma da kuge ba shi da hujjar firgita da shi.

Kuma gitar ta lantarki ba baƙuwa ba ce a Nijar. Bombino na Agadas da Mdou Moctar na jihar Tawa sun kai ta manyan dandalin duniya. Shi Mdou Moctar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar gitarsa ta farko, kuma faifansa Anar da ya ɗauka a Sakkwato a 2008 cike yake da muryar da na'ura ta murɗa, irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ta wayoyin salula waƙoƙin suka yaɗu cikin Sahara, ba tare da sun jira izinin masu tsaron tsabtar sauti ba.

Akwai wasu kuma da suka yi wa zoben illa ta wata hanya, su ne masu ganin feda ba ta da daraja sai ta zo daga waje da sunan babban kamfani. Moog ya daina ƙera MF-102 tun 2018, na hannu kuwa ya yi tsada. Alhali diyod da ƙaramin taransifoma suna nan zube a teburin kowane mai gyaran rediyo, abin da ya rage kawai shi ne ƴar na'urar da za ta ba da sauti tsayayye.

Nan maganar ta iso ga malamai. A lise ana koya wa ɗalibai cewa in aka ninka kosinus da kosinus, ana samun rabin kosinus na jimilla da rabin kosinus na ragowa. Suna haddacewa, suna zubawa a takardar jarrabawa, suna mantawa, ba wanda ya gaya musu cewa wannan layi na allo yana da murya. Shi ne ainihin aikin zoben. Malamin lissafi da na fizik da na kiɗa, in suka samu mai gyaran rediyo ɗaya da gitar ɗaya da ampili, za su iya sa aji ya lissafa 540 da 340 a kan allo, sannan a taka feda a ji su suna fitowa daga lasifika.